Zuwa Maraɗi Don a Rufe wa Motar Baba Baki

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a rumfar bakin tashar Isa. Ina zama wani zai ce, "Malam Mamman, yaya ƙasar Faranshi?" Haka muke ce wa hayin iyaka. Wani yana son ya ji ko da gaske burodinsu ya kai sandar makiyayi tsawo. Wanda ya fi kowa naci shi ne mai facin tasha, kullum tambayarsa ɗaya: me ya sami motar nan da ta tafi tana surutu ta dawo kamar wadda aka yi wa rasuwa? Na gaji da ba da labarin a gutsure, ga shi kuma ba labarin da nake jin daɗin maimaitawa ba ne. Bari in zuba shi gaba ɗaya, kowa ya ɗebi rabonsa ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar ƙaramar mota ce irin wadda ake ce wa kunkuru, mai doro, injinta a baya, ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Mahaifina ya saye ta tun ina rarrafe, lokacin yana malamin auduga. Da ya rasu ta zauna a bayan gidanmu shekara da shekaru, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Da na yi ritaya daga aikin malamin gona, gonar tawa ma ta daina zuwuwa saboda 'yan bindiga, sai na duƙufa a kanta ni da Bala bakanike. Muka sauke inji, muka sake ringi, muka wanke kafireto, aka ƙwanƙwasa jikin aka mayar mata da fentinta ruwan ƙwai. Ranar da ta tashi sai da na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Kunkuru tana da kukanta da ba wata motar da ke yin irinsa, wani ɓaɓatu mai sauri da 'yar fito a ƙarshe, daga ƙananan bututu biyu da ke leƙowa ta baya.

Labarin ya kai ƙauyenmu, can bayan Kurawa, wurin Gwaggo Hassi. Ita ce ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Idonta ya tafi tuntuni, kuma tun damina take kwance. Ta aiko ɗanta Isiya, taubashina, da saƙo.

"Ta ce in gaskiya na ka tada motar Yaya, ka kawo mata ita tun tana da rai."

Na ce ko gobe. Sai Isiya ya sosa ƙeya. "Akwai na mai gari kuma. Ya ji abin da kay yi Tozai. Ya ce in kash shigo mashi gari da wagga ƙara, kai da shi na."

Abin da na yi a Tozai shi ne na je gwajin mota. Ni ban taɓa lura ba, ashe daga nesa kukan kunkuru kamar na babura da yawa ne a jere, kuma a ƙasarmu yanzu kowa ya san abin da babura a jere suke nufi. Ina shiga garin na tarar da turmi da taɓarya a yashe, takalma warwatse a hanya, tukunya na tafasa ba kowa. Wani tsoho ya tsallake darni ya karya ƙugu. Na je gaishe shi daga baya, bai zage ni ba, ya dai juya fuskarsa bango. Ban ga laifin mai garinmu ba ko kaɗan.

Bala ya gwada cusa soson ƙarfe a cikin salansa. Ƙarar ta ragu, amma injin ya ɗau zafi har yana wari, dole muka zare. Na cigita a Sakkwato, aka ce gawawwakin kunkuru duk 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Daga ƙarshe wani direban albasa ya ce akwai wani tsoho a Maraɗi, Ilu Mai Kunkuru, in bai iya rufe mata baki ba to ba mai iyawa. Haka tafiyar ta samo asali. Isiya ya ce zai raka ni, wai don kada a ce ɗan kawunsa ya mutu a daji ba mai kawo labari.

Daga Isa zuwa Sabon Birni ba a tafiya yadda aka ga dama yanzu. Sai hantsi ya yi, motoci sun taru, masu rakiya sun shirya. Wani direban haya ya zagaya motar yana dariya, sannan ya daina dariyar ya ce, "Baba, in wagga tam mace cikin daji, ba mu tsayawa, ka ji na hwaɗa maka." Aka sa mu a wutsiya. Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidana, don na shekara da shekaru ina bin ta a kan babur ina koya wa manoma shuka a layi. Ƙauyen da nake tsayawa shan fura babu ko jinka a kan ɗakunansa. Gonakin da muka auna da igiya sabara ta cinye su. Isiya mai surutu kamar rediyo, carbi kawai yake ja.

Ana hango Sabon Birni fambel ya tsinke. Direban nan ya cika alkawarinsa, ko waiwaye ba su yi ba. Na ɗauko na ajiya da Bala ya ba ni, ashe na wata motar ne, ya yi tsawo. Kunkuru kuwa in babu fambel babu iska, in babu iska inji ya ƙone. Na duba hagu na duba dama, na dubi Isiya.

"Kwance tazugenka."

"Wane irin wulaƙanci na wanga, Mamman?"

"Ko ka kwance, ko mu zamna nan mu jira masu dajin."

Ya kwance. Na ɗaura shi ninki biyu, muka lallaɓa a giya ta biyu. Haka taubashina ya shiga birnin Gobirawa riƙe da wando da hannu ɗaya, yana rantsuwa sai ya rama ko a lahira. Wannan ce dariyar da na yi mai kyau a duk tafiyar.

Muka kwana gidan wani tsohon abokin aikina. Garin ya cika maƙil da mutanen ƙauye, wasu a azuzuwan makaranta, wasu a rumfunan kasuwa, mutanen da na san su da rumbuna suna jiran a miƙo musu tuwo. Matar abokina ta kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, ta ba da haƙuri cewa ba nama, don dabbobin da ake kawowa kasuwa yanzu ba ka san na wa aka kora ba. Da safe na samo bel na injin niƙa da ya yi daidai, na mayar wa Isiya da tazugensa baƙi ƙirin.

Daga nan zuwa iyaka mu kaɗai ne, ba ayari. Sai muka yi dabara: duk inda muka hango ƙauye, in kashe mota tun daga nesa, mu fito mu tura ta har mu wuce. Isiya na turawa yana kwarara murya, "Mota ta, jama'a! Ba mashin ba na!" Mata suka riƙa leƙowa suna kallon dattawa biyu da furfura suna tura lafiyayyar mota cikin yashi. A wani ƙauye wani mutum ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare. Na gaya masa dalili. Sai ya ajiye gatarinsa ya sa kafaɗa, ya yafito wasu su ma suka sa. Da muka fita garin ya ce, "Ku ƙara gaba kaɗan kahin ku tada ta, akwai mata rijiya." Na fi son a ce ya yi mini dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma san wa zan yi wa fushin ba.

A iyaka, namu masu kaki sun fi sha'awar motar da takardunta. Ɗaya ya ce in sayar masa ya yi kejin tantabara. Na can kuwa sai sun sara maka tukuna, su kira ka Mushe, wato Malam da Faransanci, sannan su karɓi takarda su juya ta gaba da baya kamar masu duba zanen aure. Wani matashin jandarma ya ce in buɗe inji, ya tsaya a gaba. Na buɗe masa gaban, ya tarar da jakunkunanmu da buhun garin rogo. Ya kira babbansu da Faransanci. Babban ya zo, mai furfura a gemu, ya zagaya baya ya ɗaga murfin da kansa, ya ce in tada ta. Ya tsaya yana saurare, ya ce rabonsa da jin wannan kukan tun yana ɗan makaranta. Ya buga mana hatimi ya ce mu sauka lafiya.

Ƙauyukan farko na hayin can duk halinmu ɗaya, su ma sun ɗanɗana, sai da muka yi ta turi. Amma da muka wuce Gidan Rumji muka hau kwalta, sai na ga ba mai gudu. Masu keken shanu suna ɗaga mana hannu. Na taka mata mai, ta buɗe murya, fiton nan na tashi, iska na shigowa ta 'yar tagar gefe. Rabona da jin daɗi irin wannan na manta. Isiya ya ce, "Ashe haka taka tahiya in ba ta jin tsoro."

Daɗin bai daɗe ba. Mun sha man kwalba wurin 'yan ruwa-ruwa, haka suke kiran 'yan bumburutunsu, kuma ashe da laka a gindin kwalbar. Muna shiga Tsibiri ta fara tari, ta shaƙe, ta mutu a gaban wata rumfa. Na kwance kafireto na ciro jet, na sa baki in hure, maimakon in hura na zuƙa. Har washegari gyatsar fetur nake yi. Mutanen rumfar suka ba ni madara in kurkure. Gobirawa ne irinmu, tsage iri ɗaya, magana iri ɗaya, amma 'yan Ingilishi suke ce mana. Wani dattijo ya tambaye ni labarin gida, na fara ba shi, ya ɗaga hannu ya ce in bari, 'yarsa na aure a wajen Sabon Birni.

A Maraɗi mun sauka wurin Malam Haruna, mutumin Unguwar Lalle. A gida yana da makarantar allo da ta cika zaure biyu, da gonar da ba ta nomuwa rana ɗaya. A nan ɗaki biyu yake haya a bayan kasuwa, yana sayar da ƙanƙara. Muna tsayawa a ƙofar gidan muka ji kwano ya faɗi a ciki. Matarsa ce, ta ji ƙarar motar ta shige ƙarƙashin gado, alhali sun kwana biyu da ƙaura. Malam ya ba mu haƙuri, mu da ya kamata mu ba shi.

Abincin mutanen Maraɗi ba laifi. Dambu da zogale da man gyaɗa, ya fi namu laushi. Burodin kuwa gaskiya ne dogo ne, kuma in ya kwana sai ka jiƙa shi, in ba haka ba ya tafi da haƙorinka. Da safe kofi suke sha da madara a kwano. Abin da ya ba ni haushi da farko shi ne rana na take tsaka sai gari ya kwanta, shago a rufe, gareji a rufe, sai la'asar. Na ce wa Isiya wannan wace irin lalaci ce. Bayan magariba kuma na zauna a ƙofar gida na ga 'yan kabu-kabu na wucewa a guje, biyar goma a jere, ga mutane kishingiɗe a tabarma ba wanda ya ɗaga kai. Sai na gane hassada ce ke damuna. Mu yaushe rabon da mu yi barcin rana da ido biyu a rufe?

Garejin Ilu Mai Kunkuru wani fili ne da gawo a tsakiya, kunkuru matattu jere sun fi a ƙirga a tsaye, wata akuya na zaune a kan rufin ɗaya. Shi kansa tsoho ne siriri, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, tsagensa irin na Baba. Ya ce in tada ta. Ya kanga lafiyayyen kunnen kusa da injin ya daɗe.

"Wa yaɗ ɗaura taimin?"

"Ni da bakanikenmu."

"Kun yi ƙoƙari. To mi ad damuwatta? Wagga ai lahiya lau take."

"Ƙarar nika so a kashe."

Ya dube ni kamar na ce ya yanke wa ɗiyata harshe. Na ba shi labarin Tozai, da saƙon mai gari, da Gwaggo da ke kwance tana jira. Ya zauna a kan wata taya. Daga baya ya ce ko sabuwar salansa ta asali ya ɗaura mata, haka za ta yi kuka, don da shi aka ƙera ta. In ana son ta yi shiru sai an yanke nata gaba ɗaya, a ƙera mata wani hanji da tukwane biyu na wata motar, a lanƙwasa bututun yadda zafi ba zai koma wa inji ba.

"Za ni yi maka," ya ce. "Amma ban taɓa yin aikin da ban so kamar wanga ba."

Aikin ya ci kwanaki. Da ya sa wuta ya yanke tsohuwar salansar, sai ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli, tsatsa ce kawai ke riƙe da ita. Da aka gama walda sai motar ta ƙi zama a sulo, tana ta mutuwa, don numfashinta ya sake. Ya ce mu dawo da sassafe inji na sanyi. Ya kwanta a ƙasa ya daidaita bawul ɗaya bayan ɗaya da reza, ya goge fulogi, ya riƙa murɗa sukurun kafireto kaɗan-kaɗan yana dafe da bamba, don yanzu ba ya jin ta sai dai ya ji rawar jikinta. Can ya miƙe ya ce an gama. Na tsaya taku kaɗan daga bayanta, ban ji komai ba sai wani huci. Isiya ya yi kabbara. Ni ma na yi murna, wallahi na yi, don a raina aikin da ya kawo ni ya kammala.

Dawowa ba ta da labari. Ba mu tura ta ko sau ɗaya ba. Muna ratsa ƙauye kaji ma sai mun yi musu oda. Daga Sabon Birni muka bi masu zuwa kasuwa har Kurawa, muka saki hanya muka gangara fadama muka hau tudun garinmu da hantsi. Mata na daka ba wadda ta ajiye taɓarya. Mai gari ya fito ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta godiya. Aka ɗage darnin gidan na shigar da ita har ƙofar ɗakin Gwaggo, na bar ta a sulo.

Aka tallabo ta aka jingina ta da bango a bakin ƙofa. Ta rame har ban so in dube ta ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce na tsufa. Sannan ta gyara zama, ta karkata kai gefe.

"To, Mamman. Tada ta."

"Gwaggo, ai a tashe take."

Ta ƙara karkata kai.

"Ban ji ba."

Na kama hannunta na ɗora a kan murfin baya don ta ji rawar injin. Ta shafa, ta bi doron da tafin hannu, ta janye.

"Wagga ba motar Yaya ta ba."

"Ita ta, Gwaggo. Gyara anka yi mata don kada mutane su tsorata. Bari a ɗauke ki a sa ki ciki, in zagaya da ke."

"In shiga in tahi ina? Ni da ko zama ba ni iyawa? Ta Yaya tun tana hayin hwadama nika jin ta. In ɗora ruwan tuwo, kahin ta iso sun tahwasa. Ita nic ce ka kawo min in ji. Kun dai samo ta wani kun kawo ma makauniya."

Isiya ya tuna yana da hoton bidiyon motar a wayarsa na ranar da ya zo Isa da saƙo. Ya kunna ya kanga mata a kunne. Ta saurara, ta ture hannunsa, ta ce wannan ai keken ɗinki ne, mu daina yi mata wasan yara. Ta ce a mayar da ita ciki, ta gaji.

Na fita bayan gida na tsaya, Isiya ya biyo ni. Na ce wa Isiya zan koma Maraɗi, Ilu yana da salansar asali a cikin gawawwakin nan, ya mayar mata da muryarta. Ya ce to, in an mayar ta ina zan shigo da ita? Na ce a yi shela tun da wuri, a gaya wa kowa. Ya ce a gaya wa na garin nan, na gonaki fa, da na ƙauyukan da ke kewaye, da matan da ke hanyar rijiya? Kuma in aka saba wa mutane cewa wannan ƙarar ba komai ba ce, ranar da ta gasken ta zo fa? Na ce to a fitar da Gwaggo can nesa. Ya ce ka gan ta, ko bakin ƙofa da ƙyar ta kai. Baƙin cikin da na ji a wurin nan ya fi na ranar da aka binne Baba, don ran nan na san wanda ya karɓe shi.

Motar tana nan a bayan gidana a Isa, lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa tafiya da kyau kamar yanzu ba. Ina duba bakin mai, ina goge fulogi, amma ba na marmarin fita da ita. Gwaggo na nan da rai har yau. Ranar Juma'ar da ta wuce Isiya ya kira ni, ya ce ta sa shi ya tambaye ni ko an gama gyaran motar Yaya, yaushe zan kawo ta.

Na ce ya gaya mata ana nan ana aiki.